Hutu a Jirgin Ruwa da Saƙa a Hannu, Littafi a Kunne: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da masu saƙa, waɗanda ke sauraron littafin murya suna aiki, kan yi idan za su fara hutu a babban jirgin ruwan shaƙatawa, irin wanda ake kwana a cikinsa mako guda ko fiye yana tsayawa tasha-tasha. Da zarar an kwance igiya jirgi ya bar gaɓa, babu shagon zare, intanet kuma sai an biya, ga ta da yankewa. Saboda haka yawancin amsoshin nan aikin da ake yi a tudu ne, tun kafin a ɗaure jaka.

Ana barin mutum ya shiga da kibiyoyin saƙa da almakashi?

Shingen bincike biyu ne a gabanku: na filin jirgin sama idan sai kun tashi kafin ku kai tashar, da na tashar jirgin ruwan kanta. Na ruwan ya fi sauƙi. Manyan kamfanoni ba su sa kibiyar saƙa cikin jerin kayan da aka hana ba, almakashi ne suke yi wa iyaka. Royal Caribbean, alal misali, ba ya karɓar wanda tsawon bakinsa ya wuce inci 4, wato kusan santimita 10. Kowane kamfani yana da jerinsa a shafinsa na intanet, a karanta shi kafin a shirya kaya.

A filin jirgin sama hukumar tsaron sufuri ta Amurka, TSA, ta yarda a riƙe kibiyoyi a jakar hannu, haka ma Birtaniya. Almakashi a Amurka kada bakinsa ya kai inci 4 daga ƙusar tsakiya, a Birtaniya kada ya wuce santimita 6. Ɗan abin yanka zare mai kama da kwabo da ake ratayawa a wuya, wanda reza ke ɓoye a cikinsa, shi TSA ta ce a sa shi a babbar jaka. Wasu ƙasashen sun fi tsanani, kuma a ko'ina jami'in da ke tsaye a wurin shi ke da maganar ƙarshe. Abin yanke farce yana yanka zare sarai, kuma ba kasafai ake tanka masa ba.

Kafin a bar gida, a zura wani siririn zare mai santsi, mai launi dabam, cikin dukkan idanun saƙar da ke kan kibiya, a ɗaure bakinsa. Ko an karɓe kibiyar, aikin ba zai warware ba.

Wace irin kibiya ce ta fi dacewa da jirgi?

Mai zagaye, wato gajerun kibiyoyi biyu da siririyar igiyar roba ta haɗa. Dalilin a bayyane yake: jirgi yana tangaɗi, kuma duk abin da ya faɗi ƙasa gangarawa yake yi. Doguwar kibiya miƙaƙƙiya tana zamewa ta shige ƙarƙashin kujera, tana kuma zungurar na kusa a wurin zama mai cunkoso. Gajerun nan huɗu ko biyar masu tsini biyu da ake saƙa safa da su sun fi kowanne ɓacewa, kuma a baranda akwai tazara tsakanin daɓe da gilashin kariya da kibiya za ta iya bi ta tafi ke nan. Da mai zagaye ta santimita 80 ko 100 ana saƙa safa, hannun riga da mayafi duka. Hula tana son ta santimita 40.

Ta katako ko ta gora tana riƙe zare, ido ba ya sulluɓewa idan an ajiye aiki cikin gaggawa, kuma ba ta ƙara. Aibinta shi ne siririyar, mai kaurin milimita 2.25 ko 2.5, tana karyewa idan an zauna a kanta ko an danne ta a jaka. A tafi da biyu na kowane kauri. Masu amfani da irin wadda ake murɗa kai a jikin igiya kada su manta ɗan tsinken ƙarfen da ake ɗaure ta da shi, domin in ba shi mahaɗar takan kwance a tsakiyar layi, idanu su zube.

Wane aiki zan ɗauka, kuma zare nawa?

Aiki biyu sun wadatar: ɗaya mai sauƙi wanda hannu ya haddace, ɗaya mai ɗan neman natsuwa na lokacin da teku ta kwanta. Mai sauƙin shi zai ci yawancin tafiyar, domin shi kaɗai ke tafiya tare da sauraro, da hira, da kallon gaɓa. Safa ita ce sarauniyar tafiya. Dunƙule ɗaya na giram 100, mai tsawon kimanin mita 400, yawanci ulu kashi 75 da nailan kashi 25, yana fitar da safa ƙafa biyu ta babban mutum, ana farawa da ido 60 zuwa 64 a kibiyar milimita 2.5. Hular sanyi tana cin giram 100 na zare matsakaicin kauri, kimanin mita 200, a kibiyar milimita 4.5 ko 5. Mayafin kafaɗa na siririn zare yana cin mita 400 zuwa 800. Bargo da babbar rigar sanyi a bar su gida: suna cinye jaka, suna kuma dafa cinya a yanki mai zafi.

Kada a yi kintace wajen yawan zare, a auna. A ɗora dunƙule a kan ƙaramin sikeli, a yi saƙa sa'a guda, a sake aunawa. Idan giram 6 ya tafi, kuma ana sa ran sa'a 3 kullum na kwana 7, giram 126 ke nan. A ƙara sulusi a kai, a ce giram 170, wato dunƙule biyu na zaren safa da ragowa. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar ninki uku na haka, a manta cewa ranakun da jirgi ya tsaya a tasha yawo da gajiya ne ke cinye su. Ranakun da ake wuni a teku su ne na saƙa. A duba jadawalin tafiyar a ƙirga su. Zagayen Bahar Rum na mako guda kan samu irin wannan rana ɗaya ko biyu kacal, amma ƙetare Atlantika a jirgin Queen Mary 2 daga Southampton zuwa New York yawanci dare 7 ne ba tsayawa.

Abu uku a gama su a gida. Zaren da aka sayo a murɗe, ba a dunƙule ba, a naɗe shi. A fara aikin, a yi layi goma ko fiye, don a tabbatar kaurin kibiyar ya dace da zaren. Sannan in aikin zai ci dunƙule fiye da ɗaya, a duba lambar rini a takardar kowanne ta zama iri ɗaya, in ba haka ba bambancin launi zai fito ƙarara a hasken rana.

Zare baƙi ko shuɗi mai duhu wahala ne a ɗakin jirgi. A zaɓi mai haske.

Me ya kamata ya kasance a jakar hannu ranar shiga jirgi?

A bakin tashar ake karɓar manyan jakunkuna, a liƙa musu takarda mai lambar ɗaki, kuma ba lallai su iso ƙofa ba sai yamma, wani lokaci bayan cin abincin dare. Ɗakunan ma galibi sai bayan ƙarfe ɗaya na rana ake buɗe su. Tsakanin layin rajista da jiran ɗaki akwai sa'o'i na zaman banza, kuma nan ne saƙa da littafi suka fi amfani a duk tafiyar. To a riƙe fasfo da takardun shiga, magunguna, waya da caja, iyafis, da aikin mai sauƙi a ƙaramar jakarsa.

Jakar aikin ta zama mai zuge da igiya. Zik yana cin zare, abin mannewa mai ƙaiƙayi kuma yana tsefe shi. A ciki a sa allura mai dakusasshen baki da faɗin kafa, tef ɗin awo, zobban alama kamar goma, da kwarashi siriri na kamo idon da ya zube. A buga tsarin saƙar a takarda, ko da akwai shi a waya, domin allon waya ba ya karantuwa a tsakar rana kuma wayar tana kan aikin littafi.

Akwai lokacin da bai kamata a sa iyafis ba?

Akwai, lokacin atisayen ceto. Doka ce, ba zaɓi ba. A da, yarjejeniyar kare rayuka a teku ta SOLAS ta ba da sa'a 24 bayan shigar fasinja a yi shi. Da jirgin Costa Concordia ya daki dutse kusa da tsibirin Giglio na Italiya ranar 13 ga Janairun 2012, mutum 32 suka rasu, akwai fasinjojin da suka shiga a ranar ba a kai ga yi musu atisayen ba. Daga 1 ga Janairun 2015 doka ta koma a yi shi kafin jirgi ya tashi ko nan take bayan tashinsa. Yanzu kamfanoni da yawa suna sa a kalli bidiyo a waya ko talabijin ɗin ɗaki, sannan a je wurin taruwar da aka rubuta a katin mutum a nuna fuska. Ko wanne ne, a cire abin kunne, a mayar da saƙa jaka. Ƙarar gaggawa ita ce gajerun busa bakwai da doguwa ɗaya.

Bayan wannan, sanarwar yau da kullum, irin ta sauya lokacin komawa jirgi ko soke wata tasha saboda iska, a jirage da yawa a farfajiya da zauruka ake jin ta, ba a cikin ɗaki ba. Mai hedifon da ke toshe ƙara gaba ɗaya zai iya rasa ta. Barin kunne ɗaya a buɗe ya isa.

Ba zan iya sauraron littattafaina kai tsaye ta intanet ɗin jirgin ba?

Za a iya, amma ba dabara ba ce. Intanet ɗin jirgi ta tauraron ɗan'adam take zuwa. Ta yi sauri sosai tun da kamfanoni suka fara komawa Starlink daga 2022, sai dai yawanci ana sayar da ita ne a kan kowace na'ura kowace rana, kuma ƙaramin tsari a wasu jiragen yana toshe sauraro da kallo kai tsaye. Ga dubban mutane suna rububinta da yamma. Tsakanin duwatsu masu tsayi, kamar mashigan ruwan Norwe, takan yi rauni.

A sauke komai a gida. Lissafin wurin ajiya ba wuya: littafi mai ingancin kilobit 64 a daƙiƙa yana cin kusan megabait 29 a sa'a, don haka mai sa'a 10 kusan megabait 290 ne. A kilobit 32 rabin haka ne, kuma ga muryar mutum ɗaya da ke karatu bambancin ba shi da yawa. Sa'a 60 na sauraro ba su kai gigabait 2 ba. Hotuna da bidiyon tafiya su ne ke cika waya, ba littattafai ba.

Na sauke, amma a teku littafin ya ƙi buɗewa. Me ya jawo?

Dalilai kaɗan ne ke maimaita kansu. Na farko, saukewar ba ta kammala ba. Wasu manhajoji suna nuna hoton littafi a jerin mutum alhali babi na farko kawai ya sauka, ko kuma an saita su kada su sauke sai da Wi-Fi, suna nan suna jira. Na biyu, aro ne ya ƙare. Littafin da aka aro daga laburare ta manhajar Libby yana da wa'adi, galibi kwana 7, 14 ko 21, kuma idan ranar ta cika yana rufewa ko da babu intanet. A yi aron ana gobe tafiya, a zaɓi wa'adi mafi tsawo. Na uku, rajista. Manhajar Spotify tana so a shiga intanet aƙalla sau ɗaya a kwana 30 kafin abin da aka sauke ya ci gaba da aiki, kuma littattafan da ke cikin kuɗin wata suna da iyakar sa'o'in sauraro a ƙasashen da ake da tsarin. Na huɗu, manhajar ta fitar da mutum daga asusunsa bayan sabuntawa, tana neman kalmar sirri da intanet. A kashe sabuntawa ta kai-da-kai kafin tafiya. A iPhone kuma a kashe saitin da ke cire manhajojin da ba a cika amfani da su ba idan wuri ya yi ƙaranci.

Gwaji ɗaya ke kama na farko da na huɗu. Ana gobe tafiya a sa waya a yanayin jirgin sama, a kashe Wi-Fi, a rufe manhajar a sake buɗewa, a kunna kowane littafi, a tsallaka zuwa babi na ƙarshe. Wanda ya yi magana a can ya sauka duka.

Yana da kyau a riƙe littafi biyu ko uku a matsayin fayil ɗin MP3 zalla, wanda ba ya neman izinin kowa. Shafin LibriVox, da aka kafa a 2005, yana ba da tsofaffin littattafan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare kyauta, masu sa-kai ne ke karantawa. Ingancin karatun hawa-hawa ne, a saurari minti biyar kafin a sauke.

Littafi nawa zai isa?

Sa'a 3 a rana na mako guda sa'a 21 ne, littafi biyu matsakaita ke nan, sai a ƙara na hanyar zuwa da komawa. A sauke ninkin haka. Muryar mai karatu takan gundiri mutum bayan sa'a guda, kuma a teku ba inda za a musanya.

Me ya sa ake cewa a bar waya a yanayin jirgin sama alhali a ruwa ake?

Saboda kuɗi. Idan jirgi ya yi nisa da gaɓa, kimanin mil 12 na teku, yakan kunna tasa hanyar sadarwar salula da ke bi ta tauraron ɗan'adam. Waya tana kama ta da kanta, kuma farashinta yawanci ba ya cikin tsarin yawon ƙasashen waje da aka saya. Manhajar littafi da ke sauke babi a ɓoye za ta iya tara bashi mai nauyi cikin dare ɗaya. A kunna yanayin jirgin sama tun kafin a bar tasha, sannan a kunna Bluetooth da Wi-Fi da hannu. Manhajar jirgin, mai jadawalin rana da na abinci, tana aiki a Wi-Fi ɗinsa ko ba a sayi intanet ba.

A lura da agogo. Waya a wannan yanayi ba ta sauya lokaci da kanta, in kuma ta kama layin wata ƙasa takan yi tsalle zuwa lokacin da ba na jirgin ba. Lokacin jirgi shi ne abin bi. A ƙetare Atlantika ana gyara agogo da sa'a ɗaya har sau biyar.

Saƙa ba za ta sa ni jiri da tashin zuciya ba?

Za ta iya. Jirin teku yana zuwa ne idan abin da ido ke gani ya saɓa da abin da kunnen ciki ke ji. Wanda ya sunkuya yana kallon kibiya, idonsa na ce masa komai a tsaye yake, kunnen ciki kuwa na jin ana lilo da shi. Karatun littafin takarda ma haka yake yi. A nan littafin sauraro ya yi zarra, domin ba ya neman ido: ana iya kallon inda sama ta haɗu da ruwa, ko a kwanta a rufe ido, labari na tafiya.

Manyan jirage suna da fikafikai a ƙarƙashin ruwa da ke rage tangaɗin hagu da dama, amma ba sa hana gaba da baya ɗagawa da sauka. Tsakiyar jirgi a hawa na ƙasa nan ne motsi ya fi ƙanƙanta. Goshin jirgi a hawa na sama, inda aka fi sa zauren kallo mai manyan tagogi, nan ya fi yawa. Mashigin Biscay, da ke tsakanin Faransa da Sifaniya, da arewacin Atlantika lokacin hunturu sun yi suna wajen taguwa.

A ranar farko a yi saƙa minti 15, a ɗaga kai, a ji yadda jiki yake. Hamma a kai a kai, gumi mai sanyi da taruwar miyau su ne alamun farko. Da an ji su a ajiye aikin, a fita iska. Wanda ya ce bari in ƙarasa layin nan yakan rasa yinin duka.

Magungunan jirin teku suna da nasu tasiri a kan saƙa. Meclizine da dimenhydrinate suna kawo barci, ƙirga ido kuma ya rikice. Filastar scopolamine da ake liƙawa bayan kunne, aƙalla sa'a 4 kafin tashi, tana aiki kwana 3, amma tana busar da baki kuma takan sa ganin kusa ya yi dishi-dishi, har a kasa ganin siririn zare. A wanke hannu bayan taɓa ta, kada ta shiga ido. Masu hawan jinin ido, masu juna biyu da masu shan wasu magunguna su ga likita tukuna.

Yaya ake haɗa sauraro da ƙirga? Ko labari ya tsere mini, ko lissafi ya ɓace.

Ƙirga da sauraro duka kalmomi ne, ƙwaƙwalwa ba ta riƙe su tare. Mafita ita ce a sauke wa kai ƙirgar, a ɗora wa kibiya. A sa zoben alama kowane ido 10 ko 20, ko a ƙarshen kowane maimaicin ado, yadda kuskure zai bayyana a cikin tazara ɗaya maimakon bayan layi biyar. A maƙala abin ƙirga layi a jikin aikin. Wuraren da dole sai an natsu, kamar juya dunduniyar safa, rage idanu a saman hula, ko layin farko na saƙa mai huji-huji, a tsayar da littafin. Minti goma ne.

Nau'in littafin ma yana da tasiri. Labarin da mutum ya taɓa karantawa, ko mai tafiya a miƙe da 'yan wasa kaɗan, yana jure rabin hankali. Littafin tarihi mai cike da sunaye da shekaru yana son saƙa miƙaƙƙiya, zagaye bayan zagaye. Ƙara saurin murya kuma yana sa hannu ya bi, saƙar ta matse ba a sani ba, safa ta biyu ta fito ƙarama. Da dare a saita agogon kashe kai na minti 15 ko 30, domin lilon jirgi yana sa barci da wuri.

Ina ya fi daɗin zama?

Da safe, zaurukan shaƙatawa da sai dare suke cika, kusa da taga. Laburaren jirgi, in akwai. Farfajiyar da ke zagaye jirgin a hawan kwale-kwalen ceto tana da inuwa da kujeru, a zaɓi gefen da iska ba ta bugawa. Jirgin da ke gudun mil 20 na teku a sa'a yana haifar da iska mai ƙarfi ko da ranar shiru ce, takarda da dunƙule kuma ba su da nauyi. Dunƙulen ya zauna cikin jaka, a rataye ta a hannu ko a jikin kujera, zare kaɗai ke fitowa. Guntayen zare a tara su a aljihu. Yarjejeniyar kare teku daga gurɓata ta MARPOL ta hana zubar da kowace irin roba a teku, zaren akirilik da nailan kuwa roba ne, kamfanoni kuma ba sa wasa da jefa komai a ruwa.

Ɗaki yakan yi ƙarancin haske, balle na ciki marar taga. Ƙaramar fitila mai caji da ake ratayawa a wuya tana magance wannan ba tare da an tashi abokin kwana ba. Bangon yawancin ɗakunan ƙarfe ne, don haka maganaɗisu zai riƙe takardar tsari daidai ido, mai ƙugiya kuma ya riƙe jaka. A gidan wasan jirgi ba laifi a yi saƙa kafin a kashe fitilu. Bayan nan, fitilar wuya da ƙarar kibiyar ƙarfe takura ce ga jama'a.

Iyafis mai waya ko marar waya?

Mai waya yana sarƙewa da zare. Marar waya ƙarami yana faɗuwa, kuma a bakin baranda faɗuwar ta har abada ce. Wanda ke da igiya a bayan wuya, ko hedifon mai rufe kunne, ya fi aminci a waje. A sa mai waya ɗaya a jaka don ranar da caji ya ƙare.

Caji fa?

Soket kaɗan ne a ɗaki, musamman a tsofaffin jirage, galibi irin na Amurka mai bolt 110 da irin na Turai mai 220, kuma a jikin tebur suke, nesa da gado. Ekstenshan mai kariyar hauhawar wuta an hana shi, saboda tsarin lantarkin jirgi ya bambanta da na gida kuma yana iya haddasa gobara. Wasu kamfanonin sun hana kowane irin ekstenshan. Caja ɗaya mai ramukan USB da yawa da doguwar waya ta mita 2 sun wadatar. A wasu jiragen wutar ɗaki tana ɗaukewa idan an zare katin ƙofa daga raminsa, sai a dawo a tarar waya ba ta yi caji ba. Fawa banki a jirgin sama jakar hannu kawai yake shiga, iyakarsa wat-awa 100 ba tare da neman izini ba. Mai 20,000 mAh kusan wat-awa 74 ne.

Iskar teku da man kariyar rana suna ɓata zare?

Laima da gishiri suna sa hannu danƙo, ulu ya ƙi zamewa a yatsa, saƙa ta matse. Man kariyar rana yana barin tabo mai rawaya a zare mai haske, wani ba ya fita. A wanke hannu da sabulu kafin a ɗauki aiki. Wannan yana da amfani na biyu, domin ƙwayar norobairos mai sa amai da gudawa, da kan bazu a jirage, sabulu da ruwa sun fi man goge hannu mai barasa tasiri a kanta. A yankin zafi haɗin auduga ya fi ulu zalla daɗin riƙewa, sai dai ba ya miƙewa, yana gajiyar da yatsu. A huta kowane minti 30 zuwa 45, a miƙe hannu da wuya.

Na gama aiki a jirgi. Zan iya wanke shi in daidaita shi?

Ƙaramin abu kamar safa ko hula, e. A jiƙa minti 15 zuwa 20 a ruwa mai ɗumi kaɗan, kada a cuɗa, kada a murɗe. A naɗe cikin tawul a taka, sannan a shimfiɗa a kan busasshen tawul. Rataya jiƙaƙƙen ulu a igiyar banɗaki yana ja masa tsawo, injin busar da kaya kuma yana dunƙule shi ya zama kamar kirgi. Ba a shanya a baranda. Dutsen guga da na'urar tururi an hana shiga da su. Babban mayafi ya jira gida.

Ana samun zare mai kyau a tashoshin da ake tsayawa?

A wasu hanyoyin, sosai. Lerwick a tsibiran Shetland na Sikotlan ita ce cibiyar siririn ulun da ake saƙa mai launuka da yawa irin ta Fair Isle, ana sayar da shi a ƙananan dunƙulai na giram 25. A Reykjavik akwai zaren lopi na tumakin Aislan, nau'insa Léttlopi giram 50 mita 100 ne. Bergen a Norwe da Tallinn a Estoniya suna da shaguna masu kyau, a Alaska kuma ana samun qiviut, gashin ciki na wani san daji na yankin ƙanƙara, mai laushi da tsada. A nemo adireshi da lokacin buɗewa tun a gida, a sauke taswira, a duba ko ranar ta faɗo Lahadi. A sayi duk abin da aikin zai ci lokaci ɗaya, lambar rini guda, da ƙarin dunƙule ɗaya.

Lokacin komawa jirgi yawanci minti 30 ne kafin tashi, kuma jirgi ba ya jiran wanda ya fita yawon kansa. Inda babban jirgi ya tsaya nesa ana jigila da ƙananan kwale-kwale, na ƙarshe yakan tashi tun kafin haka. Zaren da aka sarrafa ba ya samun matsala a kwastam, amma ɗanyen gashin tunkiya da ba a wanke ba Ostareliya da New Zealand suna tsananta masa, dole a bayyana shi.

Kibiya ta karye ko zare ya ƙare a tsakiyar teku, sai yaya?

A duba jadawalin rana. Jirage da yawa suna ware sa'a guda ga masu saƙa da ɗinki a ranakun teku, ba malami, haɗuwa ce kawai, kuma da wuya a rasa mai kibiya ta biyu da zai ara. In babu a jadawalin, a tambayi teburin kula da baƙi ko za su sa.

Daren ƙarshe, ina zan sa kayan saƙar?

Ana fitar da manyan jakunkuna ƙofar ɗaki tun dare, ba a sake ganinsu sai a tudu. Almakashi, abin yanka zare mai reza da kibiyoyin ƙarfe na ajiya su bi babbar jaka, musamman in filin jirgin saman komawa na wata ƙasa ce mai doka dabam da ta zuwa. Aikin da ke hannu, da zaren tsaro a cikin idanunsa, ya kwana tare da ku, da waya cike da caji. Safiyar sauka ana kiran fasinjoji rukuni-rukuni bisa launi ko lambar takardar jaka, kuma ana barin ɗaki tun wajen ƙarfe takwas, don haka akwai jiran sa'a ɗaya ko biyu a zaure kafin a kira naku.